Akawun Da Ya Sauke Agogo: Koyon Turanci Ta Wasan Ba'a Na Siyasa

Duk wanda ya bar Kaduna ya nufi Zariya, da ya wuce Kawo kaɗan zai iske Rigacikun, a cikin ƙasar Igabi. Mutanen birni sun fi saninta da filin baje koli na kasuwar duniya, amma mu ma'aikatan ilmi wani abu dabam ne ya ke kai mu can. A nan ne hedkwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa ta ke, wadda a ke kira NTI. Gwamnatin Tarayya ta kafa ta cikin 1976, watau shekarar da aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro, aka tarar yara sun cika makarantu, malamai kuwa ba su isa ba. Cikin 1978 aka tabbatar da ita da doka. Aikinta shi ne ta ƙara wa malamin da ke bakin aiki ilmi ba tare da ya bar ajinsa ba, ta hanyar littattafai da darussan ƙarshen mako da na hutu. Sabo da haka zancen koyarwa ba baƙo ba ne a garin, kuma a can ne muka ga abin da mu ke so mu ba masu karatu labari yau.

Babbar wahalar da malamanmu su ke sha wajen Turanci ita ce ƙarancin kalmomi. Nahawu su kan iya shi gwargwado, gama yana da ƙa'ida, ƙa'ida kuwa a kan haddace ta. Amma kalmomi ba su da iyaka, kuma kowace tana da halinta. Masu karatu za su tuna cikin 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 daga cikinsu ba su sami 75 bisa ɗari ba, aka sallame su daga aiki. Ƙungiyar malamai ta yi gardama ƙwarai a kan yadda aka yi jarrabawar, mu kuwa ba shari'ar wannan muka zo yi ba. Abin da muka sani daga aikinmu shi ne, sau da yawa malami ya kan san amsa sarai da Hausa, amma kalma guda ta Turanci a cikin tambayar ta tare masa hanya. Kalma guda ke nan ta shiga tsakanin mutum da abincin iyalinsa. Haka kuma ɗalibinsa, in bai ci Turanci a jarrabawar fita sakandare ba, ƙofar jami'a ta kan yi masa wuyar shiga komai ƙoƙarinsa a sauran fannoni.

To, kalmomi nawa a ke bukata? Wani Baturen Ingila, Michael West, wanda ya daɗe yana aikin ilmi a ƙasar Bengal, ya buga jerin kalmomi wajen 2,000 cikin 1953, ya ce su ne gindin harshen, da su ya kamata a fara. Daga baya wani shehin malami na ƙasar New Zealand, Paul Nation, ya lissafa cikin 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba yana bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Tsakanin dubu biyu da dubu tara akwai tafiya mai nisa, kuma a wannan dajin ne yawancin mutanenmu su ke ɓacewa. Hanyar da muka gada ita ce a rubuta kalmomi ashirin a allo ran Litinin, a rubuta ma'anarsu a gefe, a yi ta bita da ƙarfi, ran Jumma'a a yi gwaji. Ba mu raina hadda ba, gama mu jikokin makarantar allo ne, mun san amfaninta. Sai dai mun sha ganin wanda ya ci ashirin bisa ashirin ran Jumma'a, wata guda bayan nan ya gamu da ɗaya daga cikinsu a takardar ofis ya tsaya yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba.

Wata rana da damina muna tare da waɗansu malamai da suka zo ƙarin ilmi a wata makaranta ta nan Rigacikun, darasin kuwa na kalmomin taro da majalisa ne. Mun riga mun koyar da shi sau da yawa ta tsohuwar hanya, mun san yadda ya ke sa mutane hamma. Ran nan ruwa ya tsare mu, ƙarar kwano ta hana a ji mai magana daga gaban allo, sai muka ce a jawo tebura tsakiya a kafa majalisa. Muka ƙago wani gari da babu shi a taswira, muka naɗa ciyaman da kansiloli biyar da akawu da masinja. Sharaɗi ɗaya muka sa: ciyaman zai yi magana da Turancin majalisa daidai, sauran kuwa kowa ya fahimce shi a karkace gwargwadon iyawarsa.

Ciyaman ya gyara murya ya dubi akawu ya ce, "Take the minutes." Akawu, wani dattijo mai sanyin hali wanda ba mu taɓa jin muryarsa a aji ba, ya tashi a natse, ya taka kujera, ya sauko da agogon bango, ya rungume shi ya ce, "Ranka ya daɗe, ga mintocin nan duka na ɗauka, har da awoyin." Aji ya kece da dariya har aka daina jin ruwan. Daga nan abin ya kama. Aka ce wa wani kansila, "Address the chair," ya bar ciyaman a zaune, ya je gaban wata kujera da ba kowa a kai ya durƙusa yana kwasar gaisuwa, yana cewa ai ya daɗe da sanin kujerar a ke girmamawa, mai ita kuwa baƙo ne. Aka ce wa wani, "You have the floor," sai ya yi godiya, ya tura masinja ya kira masa dillali, wai tun da an ba shi daɓen majalisa gara ya sayar kafin a sake shawara. Da aka ƙare muhawara ciyaman ya ce, "The motion is carried," sai ga masinja ya shigo da gammo a ka yana tambaya ina kayan.

Bayan mako uku muka tambaye su waɗannan kalmomi ba tare da mun faɗa musu za a yi tambaya ba. Ba wanda ya manta cewa "minutes" rubutaccen bayanin abin da aka tattauna ne a taro, "chair" shugaban taro ne, "floor" izinin magana ne, "carried" kuwa an amince ke nan. Dattijon nan har ya ƙara mana da cewa ya duba ƙamus ya ga ɗan bayanin da ma'aikaci ya kan rubuta a gefen fayil shi ma "minute" a ke ce masa.

Mun yi tunani a kan dalilin wannan, ga kuwa abin da muka gani. Irin wannan ba'a ba ta ba mutum dariya sai ya riƙe ma'ana biyu a ransa lokaci guda, wadda ciyaman ya nufa da wadda akawu ya ɗauka. Wanda ya san ɗaya kaɗai zai zauna shiru yana duban 'yan'uwansa, sa'an nan ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Malam, me aka ce?" Wannan tambaya ita ce malami ya ke nema shekara da shekaru bai samu ba, gama ɗalibi ne da kansa ya ji ƙishin kalmar. Ba wanda ya ke so a yi dariya a bar shi a baya. Ban da haka, kalmar ta zo masa da fuska da murya da agogo a rungume, sabo da haka tana da abin kamawa a zuciya, ba kamar wadda ta zo tsirara a layi na goma sha uku na allo ba.

Turancin siyasa kuwa kamar don wannan aka yi shi, domin yawancin kalmominsa aro ne daga kayan gida da na kasuwa. "Party" jam'iyya ce, liyafa ce kuma. "Cabinet" majalisar ministoci ce, kuma akwatin ajiye kaya ne. "Bill" shirin doka ne, kuma takardar bashin da a ke kawo wa mutum ce. "Speaker" shi ne wanda mu ke kira kakakin majalisa, ga shi kuwa bisa al'adar Ingila shi ne ba ya shiga muhawara. "Whip" bulala ce, an aro ta daga mafarautan Ingila, inda a ke da mutum mai bulala wanda ya ke hana karnuka watsewa. Mu ma bulaliyar majalisa mu ke cewa. "Candidate" ta fito daga kalmar Latin mai nufin fari, don masu neman muƙami a birnin Rum farar tufa su ke sawa. Da muka faɗi wannan wani malami ya ce ashe farar babbar riga ta lokacin zaɓe tsohuwar al'ada ce. Akwai ma wadda ta kan ruɗe masana: in Baturen Ingila ya ce "table" a majalisa yana nufin a gabatar da magana, in Ba'amurke ya faɗa yana nufin a jingine ta. Nan gida kuma mu kan ce "cross carpet" ga wanda ya sauya jam'iyya, a kan danganta maganar da abin da ya faru a Majalisar Yamma a Ibadan, alhali a Ingila "cross the floor" su ke cewa, kamar yadda Churchill ya yi cikin 1904. Duk wannan a aji guda ya fito, daga tambayoyin su ɗaliban.

Kada mai karatu ya zaci baƙon abu muka kawo daga Turai. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin cewa a kan faɗa wa mai mulki gaskiya cikin raha. A wasan gauta matan fada su kan kwaikwayi sarki da hakimansa, tafiyarsu da maganarsu da yadda su ke yanke shari'a, manya na kallo. Yara masu tashe da watan azumi su kan taɓa malami da attajiri da gwauro, 'yan kama kuma ba su bar kowa ba. Marigayi Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a kwalejin da aka taso da ita daga Katsina zuwa Kaduna cikin 1938 ya ke tsara wasannin kwaikwayo masu sukar zalunci da cuta, ɗaya daga cikinsu shi ne Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba. Shi ma malamin makaranta ne, ya koyar a Midil ta Bauci, ya kuma shugabanci makarantar horon malamai ta Maru kafin ya bar aiki cikin 1950 ya shiga siyasa.

Wanda ya fi kusa da zancenmu shi ne marigayi Usman Baba Pategi, wanda duk Arewa ta sani da Samanja Mazan Fama. Banufe ne, tsohon soja, ya rasu cikin 2023. Wasansa na gidan talabijin na Kaduna ya shahara cikin shekarun 1970 da 1980, zamanin da soja ne suka fi riƙe mulkin ƙasar, sabo da haka dariyar da a ke yi wa mai kaki ba ta rasa ɗanɗanon siyasa. Hausarsa ta bariki ce, gauraye da Turancin fareti. Sunan ma kansa darasi ne, gama Samanja shi ne "sergeant major" da bakin Bahaushe ya tauna, kamar yadda ya tauna "corporal" ya zama kofur, "Resident" ya zama Razdan, "Native Authority" ta gajarce ta zama En'e. Malami mai dabara ya kan fara daga nan, ya nuna wa ɗalibi cewa akwai Turanci da yawa a bakinsa tun kafin ya shigo aji, sai dai ya koyi mai da kowace kalma gidan ubanta, ya san yadda a ke rubuta ta.

Ga waɗanda Turancinsu ya yi ƙwari, musamman akawuna, ba mu san abin da ya kai wasan nan na gidan BBC ba, mai suna Yes Minister, wanda aka nuna daga 1980 zuwa 1984, da cigabansa Yes, Prime Minister daga 1986 zuwa 1988. Antony Jay da Jonathan Lynn ne suka rubuta shi. Labarin wani minista ne, Jim Hacker, da babban sakataren ma'aikatarsa, Sir Humphrey Appleby. Minista yana so a yi abu, sakatare ba ya so, amma bai taɓa cewa a'a ba. Sai ya jero magana mai tsawo, mai ladabi, kowace kalma daidai, har minista ya rasa inda aka faro. A can ne mutum zai ga cewa "civil servant", wanda a zahiri bara ne, shi ne mai gidan. Dattawan da suka yi aiki zamanin En'e, kafin a rushe ta cikin 1976, za su tuna wasiƙun da su kan hana mutum abin da ya roƙa, sa'an nan a sa hannu a ƙasa da "your obedient servant". Akawunan yau kuma sun san haruffan nan uku, K.I.V., watau "keep in view", waɗanda ma'anarsu a ƙamus ita ce a sa ido a kan magana, a ofis kuwa kowa ya san inda fayil ɗin ya nufa. Ƙamus ba ya koyar da wannan ma'ana ta biyu, ita kuwa ce ta ke yanke wa mai ƙara hukunci. Mu kan nuna minti biyar kawai na wasan, da rubutun maganar a ƙasan hoto, a tsaya, a fitar da kalmomi shida ko bakwai, a sake nunawa. Wanda ya nuna rabin awa a zama guda ya ba da nishaɗi, amma ba abin da zai saura.

Mai son karatu kuma yana da Animal Farm na George Orwell, na 1945, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara da sunan Gandun Dabbobi cikin 1975. A karanta babi da Hausa, sa'an nan a karanta shi da Turanci.

Amma fa hanyar tana da ramuka, mun kuwa faɗa cikin waɗansunsu. Na farko, mai ba'a ya kan juya kalma ta nufi kishiyarta. A wasan nan na BBC, in Sir Humphrey ya ce shawarar minista "courageous" ce, watau ta jarumtaka, sai minista ya firgita, gama abin da a ke nufi shi ne za ta kayar da shi zaɓe. Ɗalibin da ya fara gamuwa da kalmar a nan, ba malami kusa, zai iya tafiya da ita a juye. Sabo da haka ma'anar asali ita za a fara kafawa. Na biyu, akwai wasannin da dariyarsu ta karyayyen Turanci ce. Cif Zebrudaya na wasan The New Masquerade, wanda Chika Okpala ya fito a matsayinsa a talabijin ta Inugu, da gangan ya ke karya nahawu, kuma gwani ne ƙwarai. Wanda ya iya Turanci zai ji daɗinsa, wanda bai iya ba zai kwashe shi a kan daidai ne, mun kuwa taɓa ganin irin jimlolinsa a takardar jarrabawa. Akwai kuma cutar son manyan kalmomi, wadda 'yan siyasarmu suka daɗe da ita. Yaro ya kan ji ana tafa wa mai dogon Turanci, bai lura rabin masu tafin dariya su ke yi ba.

Rami na ƙarshe shi ne ya fi zurfi. Da majalisarmu ta yi zama na huɗu, wanda ya fito a ciyaman ya karkata hularsa wani irin karkatawa, ya riƙa yin tari sau biyu kafin kowace magana. Mu baƙi ne a unguwar, ba mu gane komai ba, sai dai mun ga dariyar ran nan ta fi ta kullum, waɗansu kuwa sun sunkuyar da kai ba su yi ba. Ashe wani sanannen mutum ne na yankin a ke kwaikwaya, kuma ƙanen matarsa yana cikin ajin. Kashegari shugaban makarantar ya kira mu ofis, ya rufe ƙofa ya ce, "Malam, jiya da dare an aiko mini. Ni ban ce ku daina ba, amma ku tuna albashin mutanen nan a hannun wa ya ke." Gaskiya ya faɗa. Malami ma'aikacin Gwamnati ne, ajinsa kuma ya tara 'ya'yan kowace jam'iyya, in ya bari aka mai da shi dandalin kamfen to ya ci amanar iyaye, kuma wanda za a tura ƙauye mai nisa ba mu ba ne, ɗalibin nan ne mai iyali. Laifin namu ne da ba mu gindaya sharaɗi tun farko ba. Muka je tare da shi har gida muka ba da haƙuri, aka karɓe mu da mutunci, mai gidan ma ya tambaya ko tarin ya fito daidai.

Tun daga ran nan ƙa'idarmu ita ce, gari ƙagagge, jam'iyya ƙagaggiya, ba a ambaton sunan mai rai, ba a kwaikwayon tafiyarsa ko muryarsa, ba a taɓa addini ko ƙabilar kowa. Kujera a ke yi wa ba'a, da fayil, da kwamitin da aka naɗa don ya binciki kwamiti. Kowane zama kuma sai an ƙare shi da rubutu: kowa ya ɗauki kalmomin ran nan ya sa su cikin wasiƙa ko bayanin taro na sosai, ba wasa a ciki, a kawo mu duba. Dattijon nan akawu shi ne ya ke rubuta bayanin kowane zama da Turanci, a karanta a farkon zama na gaba, wani ya ce ya kawo shawara a amince, wani ya goyi baya. A bayanin zama na biyar ya rubuta cewa majalisa ta umurci akawu ya mai da agogo bango, kuma an sa maganar a K.I.V.